Hawa Biyu

Ƙarfe huɗu, ruwan Recife ya ɗan tsagaita,
Dona Zuleide ta shigo da ƙamshin man suya a rigarta,
ta jingine lema, ta tsaya nesa da madubi
kamar wadda yake bi bashi.

"Jurema," ta ce, "ran Asabar Marluce za ta karɓi takardar jinya.
Za a ɗau hotuna. Rufe mini wannan."
Wannan ɗin ƙuna ce, daga kunne har haɓa,
shekara goma sha tara ke nan
da mai ya yi tsalle daga kaskon kifi.

Kwalaben fandeshan talatin da shida ne a gabana,
daga launin madarar kwakwa
har na gahawar da ta daɗe a wuta.
Ta kai hannu ga mai haske, za ta gwada a bayan hannu.
Na ce a'a, uwa, bayan hannu maƙaryaci ne,
rana ta fi cin sa.
Muƙamuƙi ake tambaya.

Na ja mata layi uku, na fito da ita bakin titi,
don fitilar kanti 'yar talla ce, kowa ta gani sai ta yaba.
Na farko ya yi toka-toka.
Na biyu ya yi ja kamar bulo.
Na uku sai da muka neme shi.
Na ce, wanda ya ɓace ɗin, shi ne naki.

Ɗigo ɗaya, bai kai ƙwayar wake ba,
na bar shi ya ji ɗumin hannuna.
Soso mai laima, a matse sarai.
Ba a gogawa, dannawa ake yi,
sannu, sannu, daga gefen hanci zuwa kunne,
irin bugun da ake wa bayan jariri ya yi gyatsa.
Hawa na farko, siriri kamar ɓawon albasa.

Sai jira.

Jiran ne yake gagarar mutane.
Su lafta sabo a kan ɗanye,
zafin garin nan ya tsattsaga shi kafin yamma
kamar fentin tsofaffin gidajen bakin kogi.
Muka jira. Bas ya wuce, mai ruwan rake ya wuce.
Ta ce ran da abin ya faru ba ta rufe rumfa ba,
ta ɗaura tsumma, ta sayar da sauran kifin,
don washegari ake biyan kuɗin makaranta.

Hawa na biyu ban kai shi ko'ina ba,
kan tabon kaɗai, da kan yatsa,
ina narkar da bakinsa har iyakar ta ɓata.
Tabon ya ja da baya,
ya koma kamar magana a ɗakin maƙwabta:
ana jin ta, ba a gane ta.

Na ɗigo na uku.
Ta riƙe mini wuyan hannu.

Ta matso ga madubin, karon farko,
ta juya hagu, ta juya dama, ta daɗe.
"Jikana Tadeu," ta ce, "nan yake ɗora yatsa in zai yi barci.
In ya hango ni cikin taro, da me zai gane ni?
Bar shi haka.
A gan ni tukuna, sannan a gan shi."

Na goge ɗigon a tawul.
Na bi goshinta da hoda kaɗan, saboda gumi,
na rubuta lambar kwalbar a bayan rasit,
na ce ta tuna: siriri, jira, siriri.

Ta ƙirgo kuɗin daga cikin leda, duk canji ne.
Ruwa ya dawo.
Ta buɗe lema tun daga cikin kanti,
ta fita tana kare kuncin nan da tafin hannu,
ba don ɓoyo ba yau,
don kada ya jiƙe.